Tarihin Rediyon Mota: Daga Chicago Zuwa Titin Gurabi Na Birnin Riyad



Shirin namu na yau ya samo asali ne daga wani saƙo da ya iso mana daga birnin Riyad na ƙasar Saudiyya. Mai saƙon wani bawan Allah ne mutumin Katsina, wanda ya shafe fiye da shekaru 20 yana neman abinci a can, kuma kwanan baya ya tattara abin da ya tara ya sayi wata 'yar tsohuwar Toyota Corolla ƙirar ƙarshen shekarun 1990. Ya ce inji lafiya lau, na'urar sanyi ma tana aiki. Matsalar ita ce rediyon. Mai cin kaset ne, kuma yanzu ya koma cin kaset ɗin da gaske, wato yana tauna zaren. Lasifikar ƙofar hagu kuwa sai ƙara take kamar an jefa tsakuwa a gwangwani. Da ya shiga kasuwa sai ya tarar da rediyoyi birjik, wani an rubuta masa wat 200, wani wat 1000, wani da allo kamar talabijin, kowane mai shago kuma yana rantsuwa nasa ne ya fi. Shi ne yake tambaya, wanne ya kamata ya saya da ɗan kuɗinsa da bai taka kara ya karya ba? Ya ƙara da cewa yana da kwali guda cike da kaset-kaset da ba ya son rabuwa da su, ciki har da wani da mahaifiyarsa, Allah ya jiƙanta, ta yi masa magana a ciki ta aiko masa tun farkon zuwansa ƙasar.

To Malam, za mu zo ga amsarka, amma ta doguwar hanya. Dalili kuwa shi ne, duk abin da ya ruɗe ka a wannan kasuwa yana da ranar da aka ƙirƙiro shi, da kuma matsalar da aka ƙirƙiro shi domin ya magance. Wanda ya san wannan tarihi, da wuya mai shago ya yi masa wayo.

Ga waɗanda ba su san Riyad ba, wataƙila su ce mene ne abin tada hankali a kan rediyon mota. Ai Riyad ba garin tafiya a ƙasa ba ne. A ƙarshen shekarun 1960 hukumomi suka ɗauko wani masanin tsara birane ɗan ƙasar Girka mai suna Constantinos Doxiadis, ya zana musu birnin a matsayin manyan unguwanni masu kusurwa huɗu, kowace kilomita 2 a tsaye kilomita 2 a kwance, da faffaɗan tituna a tsakaninsu. Da kuɗin man fetur suka kwararo bayan 1973, sai birnin ya yi ta miƙewa a kan wannan tsari cikin hamada, har ƙidayar 2022 ta nuna mazaunansa sun kusa miliyan 7. Jirgin ƙasan cikin gari kuwa sai a watan Disambar 2024 ya fara ɗaukar fasinja. Saboda haka ma'aikaci a Riyad kan shafe sa'o'i a cikin mota kowace rana, kuma ga baƙo mai nisa da gida, wannan ɗan akwati da ke gabansa shi ne zaurensa, shi ne makarantarsa, shi ne kuma mai kawo masa labarin gida.

Bari mu koma baya zuwa 1930, birnin Chicago na Amurka. A can ne wasu 'yan'uwa biyu, Paul Galvin da Joseph Galvin, suka fitar da rediyon mota na farko da ya samu kasuwa sosai. Ba su ne suka fara gwada saka rediyo a mota ba, amma su ne suka fara mai da shi sana'a mai riba. Suka raɗa masa suna Motorola, wato sun haɗa kalmar mota da ƙarshen sunan wani garmaho da ake yayi a lokacin, Victrola. Kuɗinsa ya haura dala 100, a zamanin da ake samun sabuwar motar Ford a kan dala 500 da 'yan kai. Saka shi kuma aikin kwanaki ne: a kwance gaban mota, a farke rufin sama a shimfiɗa eriya, a huda ƙasan motar a binne ƙarin batura.

Me ya sa wahalar ta yi yawa haka? Rediyon wancan zamani yana aiki ne da wasu kwalabe masu kama da ƙwan fitila, waɗanda sai sun yi zafi kafin su fara aiki, kuma suna bukatar wuta mai ƙarfin bolt ɗaruruwa, alhali batirin mota na lokacin bolt 6 ne kacal. Daga baya aka ƙirƙiro wata 'yar na'ura mai karkarwa da ke datsa wutar batir tana haɗawa cikin sauri domin a iya ɗaga ƙarfinta, shi ya sa rediyon mota na dā yake wani gunji ƙasa-ƙasa tun kafin ya fara magana. Ga kuma babbar abokiyar gaba, wato tartsatsin fulogi. Duk lokacin da fulogi ya yi tartsatsi, tamkar wata 'yar tashar rediyo ce ke watsa hayaniya a ƙarƙashin bonet. Wannan matsala fa ba ta mutu ba. Idan ka taɓa shiga motar da rediyonta ke wani siririn kuka da ke ƙaruwa duk lokacin da direba ya taka totur, to jikar waccan matsala ce, kuma galibi laifin wayar da aka ɗaura a jikin ƙarfen mota ne ba ta kama da kyau ba.

A nahiyar Turai, kamfanin Blaupunkt na Jamus ne ya fitar da nasa a 1932. Nauyinsa kilo 15, kuɗinsa mak 465, wato kimanin sulusin kuɗin ƙaramar mota. Kuma tun a wancan lokacin aka fara gardamar da ake yi har yau. A 1930, a jihar Massachusetts da birnin St. Louis na Amurka, an nemi kafa dokar hana kunna rediyo yayin tuƙi, bisa hujjar cewa zai ɗauke hankalin direba. Dokar ba ta yi nasara ba, amma ku riƙe wannan batu, za mu dawo kansa.

A daidai waɗannan shekaru ne mota da na'urar sadarwa ta iska suka bazu a ƙasar da a 1932 aka raɗa wa suna Saudiyya, kuma abin mamaki, mutum guda ya taka rawa a duka biyun. Wani Bature ɗan Ingila, St John Philby, wanda ya musulunta a 1930 ya zama Abdullahi Philby, shi ne wakilin kamfanin motoci na Ford da kamfanin sadarwa na Marconi a birnin Jidda. A farkon shekarun 1930 Sarki Abdul'aziz ya ƙulla yarjejeniya da Marconi domin a kafa tashoshin aika saƙo a manyan garuruwan ƙasar, wasu na'urorin kuma aka ɗora su a kan manyan motoci, ta yadda duk inda sarki ya yada zango a cikin hamada, yana iya jin abin da ke faruwa a Makka ko Riyad. Idan muna so, sai mu ce waɗannan ne rediyoyin mota na farko a ƙasar, ko da yake na aikin mulki ne, ba na nishaɗi ba. Ana ba da labarin cewa wasu malamai sun yi ɗari-ɗari da na'urar, suna zargin aikin shaiɗanu ce, sai aka karanta Alƙur'ani ta cikinta, suka ji da kunnensu, hankalinsu ya kwanta.

Gidan rediyo na jama'a bai zo ba sai a 1949, lokacin da aka buɗe tashar farko a Jidda a daidai lokacin aikin Hajji. Riyad ta samu tata tashar a 1965, sannan a 1972 aka kafa tasha ta musamman domin karatun Alƙur'ani. A tsakanin nan, a 1955, ɗan kasuwar Jidda Abdul Latif Jameel ya fara shigo da motocin Toyota, kuma a 1966 kamfanin ya fitar da Corolla ta farko, kakar wannan da mai sauraronmu ya saya.

Shekarun 1950 su ne suka sauya siffar rediyon mota. Blaupunkt ya kawo zangon FM cikin mota a 1952. Shekara guda bayan haka wani kamfanin Jamus, Becker, ya fitar da samfurinsa mai suna Mexico wanda ke laluben tasha da kansa. A 1955 kuma kamfanonin Chrysler da Philco na Amurka suka gabatar da rediyon mota mai aiki da tiransista zalla, wannan 'yar mitsitsiyar na'ura da aka ƙirƙiro a 1947 wadda ta kori kwalaben nan masu zafi. Daga nan rediyo ya ƙanƙance, ya daina shan batir, kana murɗawa yana kamawa.

Sai dai direba yana son ya zaɓi abin da zai ji da kansa. Chrysler ya gwada saka garmaho a motocinsa na 1956, amma ku da kanku kun san abin da zai faru da allurar garmaho idan taya ta faɗa rami. Bai je ko'ina ba. A 1965 Ford ya fara saka wani babban kaset mai layi 8, wanda ya yi tashe a Amurka na ɗan lokaci. Amma wanda ya ci kasuwar duniya shi ne ɗan ƙaramin kaset da kamfanin Philips na Holan ya nuna a bikin baje kolin rediyo na Berlin a 1963, aikin wani injiniya mai suna Lou Ottens da tawagarsa a garin Hasselt na Beljiyam. Faɗin zarensa bai cika milimita 4 ba, yana tafiya santimita 4.76 a kowace daƙiƙa, kuma kafin ƙarshen shekarun 1960 ya shiga mota.

A nan zan ɗan tsaya, domin a ganina babu wata na'urar sauti da ta yi wa talakan ƙasashenmu hidima kamar kaset. Sirrinsa shi ne kowa na iya ɗaukar magana a kansa. Ba sai ka mallaki kamfani ba, ba sai ka iya karatu da rubutu ba. A Saudiyya shagunan kaset suka cika unguwanni, wasu na waƙoƙin Talal Maddah da Muhammad Abdu, wasu na wa'azi da karatun limaman Harami irin su Sudais da Shuraim. Alhazanmu kuwa, a shekarun 1970 da 1980, rikoda na daga cikin manyan tsarabar da suke dawowa da ita, tare da kaset ɗin karatu. A gida, duk wanda ya taɓa shiga Peugeot 504 ƙirar Kaduna daga Kano zuwa Maiduguri ya san yadda tafiyar take: direba ya fara da karatu, rana ta ɗaga ya juya zuwa Mamman Shata ko Ɗankwairo, da azumi kuma tafsiri. Sannan ga wasiƙar baka. Iyali su taru a tsakar gida a danna jan maɓalli, tsohuwa ta yi gaisuwa, ta ba da labarin damina da wanda ya haihu da wanda ya rasu, ta sa albarka, a ba wani maniyyaci ko ɗan Umara ya kai wa ɗa a Makka ko Jidda ko Riyad. Irin wannan ne mai sauraronmu ke ajiye da shi a kwalinsa.

Amma kaset yana da maƙiyi, kuma Riyad ce hedkwatarsa: zafi. A tsakiyar bazara zafin garin kan haura digiri 43 a inuwa, saman dasbod ɗin motar da aka bari a rana kuwa yana iya kaiwa 70 ko fiye. Robar kaset ta lanƙwashe. A cikin rediyon kuma akwai wata 'yar tayar roba da ke matse zare tana jan sa, da wani siririn bel da ke juya ƙafafun. Shekara da shekaru na zafi kan sa tayar ta bushe ko ta yi danƙo, bel ɗin ya saki. Da zarar ƙafar da ke naɗe zare ta yi sanyin jiki alhali tayar tana ci gaba da turowa, sai zare ya taru ya cukurkuɗe a ciki. Abin da ke damun rediyon Malam ke nan, kuma biron da muke zura wa kaset mu naɗe zare ba ya maganinsa.

Yanzu ga shekarar da ta fi muhimmanci ga mai tsohuwar mota, wato 1984. A shekarar ce kamfanin Pioneer na Japan ya fitar da na'urar faifan CD ta mota ta farko, kuma wannan ne aka fi tunawa. Amma wani abu ya faru a shekarar wanda ba a yi masa shela ba: hukumar daidaita ma'auni ta duniya ta amince da wani ma'aunin Jamusawa na girman ramin da ake zura rediyo a gaban mota. Faɗi milimita 180, tsayi milimita 50. Shi ne abin da masu shago ke kira DIN ɗaya, mai ninkin tsayinsa kuma, milimita 100, DIN biyu. Albarkacin wannan rami ne motar da aka ƙera tun kafin a san wayar salula a garuruwanmu za ta iya karɓar rediyon da aka ƙera bana. Abin dariya ma, mai tsohuwar mota ya fi mai sabuwa 'yanci ta wannan fuska, domin a yawancin sababbin motoci an haɗe rediyo da na'urar sanyi da kwamfutar mota a allo guda, ba ka isa ka zare ka sauya yadda kake so ba.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. Masana a cibiyar Fraunhofer ta Jamus suka samar da fasahar MP3 mai matse sauti, wadda ta samu wannan suna a 1995. Kamfanin Ericsson na Suwidin ya fara aikin Bluetooth a 1994. Daga 2014 zuwa 2015 Apple da Google suka fito da tsarin da ke nuna wayar mutum a allon mota. A ɓangaren tashoshi kuma, MBC FM ta fara watsa shiri a 1994, sannan a 2010 hukumomin Saudiyya suka fara ba tashoshin FM masu zaman kansu lasisi.

To Malam, yanzu sai mu koma kasuwa, ko titin Gurabi da ya yi suna wajen kayan ƙawata mota, ko shagunan Badaha, ko kasuwar gwanjo ta Haraj bin Ƙasim, ko wurin 'yan kwance a Ha'ir, wanda shi ne tamkar Ƙofar Ruwa a wurin mutumin Kano.

Kafin ka fita daga gida, ɗauki tef ka auna ramin. Wasu motocin Toyota raminsu ya kai faɗin milimita 200, sai an cike gefe da gefe da wata 'yar roba. Ka kuma duba zurfinsa, domin ma'aunin 1984 bai ƙayyade zurfi ba, ƙaramar mota kuma ba ta da wuri da yawa a bayan dasbod.

Abu na biyu, kuma a nan ne masu sayen na gwanjo suka fi faɗawa: kowane rediyo da yankin duniyar da aka ƙera shi dominsa. Na kasuwar Japan, musamman tsofaffi, zangon FM ɗinsu daga megahaz 76 ne zuwa 90, alhali a Saudiyya da Najeriya da Nijar tashoshi suna tsakanin 87.5 da 108. Ka saka shi, ka rasa kusan dukkan tashoshin gari. Na kasuwar Amurka kuwa yana tsalle ne a kan lambobin mara, wato 99.9, sai 100.1, sai 100.3, ga shi kuma manyan tashoshin Riyad da dama suna zaune a kan lambobi irin su 100.0 da 102.0. Mutanen Saudiyya sun san wannan ciwo sarai saboda yawan motocin Amurka da ake shigo musu da su, har suna da kalmomin da suke kiransa da su, fardi da zauji, wato mara da cika. Haka abin yake a matsakaicin zango: a Amurka tazarar tashoshi kilohaz 10 ce, a yankinmu 9. Saboda haka kada ka biya kuɗi sai an jona masa wuta a gabanka ka murɗa ka ga lambobin da yake tsayawa a kai.

Kada kuma ka raina matsakaicin zangon. FM ba ya wuce inda eriyar tasha ke hangowa, shi kuwa wancan yana bin doron ƙasa, da dare ma yana dawowa daga sararin sama ya yi nisan gaske. A kan hanyar Riyad zuwa Makka mai fiye da kilomita 800, akwai wuraren da shi kaɗai zai rage maka. Game da gajeren zango, wanda da shi iyayenmu suka saba kama sassan Hausa na ƙasashen waje, kamfanonin Japan sun daɗe suna ƙera samfur na musamman mai ɗauke da shi domin kasuwar Gabas ta Tsakiya da Afirka. Idan ka ci karo da irinsa, madalla. Amma gaskiya zamani ya juya. Ko sashen Larabci na BBC, wanda ya fara a 1938, ya rufe rediyonsa a watan Janairun 2023 ya koma intanet. A yau hanyar da shirye-shiryen Hausa suka fi isa Riyad ita ce wayar hannu. Shi ya sa ni a ra'ayina, rediyo mai Bluetooth da ramin USB ya fi maka amfani a kan mai CD, wanda shi ma zafi da ƙurar hamada ba sa raga wa idonsa.

Sai batun wat, inda ake yi wa mutane rufa-ido. Lissafin mai sauƙi ne. Idan inji na aiki, wutar mota ba ta wuce bolt 14 da ɗoriya. Da wannan wuta, a kan lasifikar mota ta yau da kullum, abin da rediyo zai iya bayarwa tsafta ba tare da sauti ya fashe ba bai wuce wat 20 ko kusa da haka ga kowace lasifika ba. Wat 50 sau 4 da ake rubutawa a fuskarsa ƙololuwa ce ta ƙiftawar ido. Wanda kuma aka rubuta wa wat 1000 tare da haruffan PMPO, to wannan lambar talla ce kawai. Lambar da za ka nema a kwali ita ce mai haruffan RMS. Kuma ko da ka ninka wat sau biyu, ƙarin da za ka samu desibel 3 ne, wanda kunne zai ji amma ba wani na a zo a gani ba. Lasifikar da ta fi wata saurin amsawa da desibel 3 za ta ba ka wannan ƙari a kyauta, ba tare da ta ƙara shan wuta ba.

Wannan ya kawo mu ga abin da da ni ne zan fara kashe wa kuɗi, wato lasifikun ƙofa. Na asali da ke cikin ƙananan motocin wancan zamani galibi na takarda ne, wasu da bakin soso, kuma bayan shekaru fiye da 20 a zafin Najadu sun zama kamar busasshen ganye. Tsakuwar da ke cikin gwangwanin Malam ke nan. Ka nemi masu fuskar roba da baki na roba, daidai girman ramin ƙofarka, ko santimita 10 ne, ko 13, ko 16, ka kuma tabbata bayansu ba zai tokare gilashi ba idan an sauke shi. Sabon rediyo a kan ruɓaɓɓun lasifiku asarar kuɗi ce. Sababbin lasifiku guda biyu a gaba kuwa, ko a kan rediyo mai araha, za ka ji bambanci tun ranar farko, musamman ga mai sauraron magana da karatu.

Amfilifaya da ƙaton akwatin nan na but mai girgiza unguwa fa? Ga ƙaramar tsohuwar mota, ni dai ba na ba da shawara. Altanetar irin waɗannan motoci, wato injin da ke cajin batir, ba ta cika wuce amfiya 60 zuwa 80 ba, kuma a Riyad na'urar sanyi da fankokinta sun riga sun cinye kaso mai tsoka. Amfilifaya irin ta dā mai wat 500 na gaskiya, idan aka ƙure ta, tana iya jan amfiya 60 ita kaɗai. Alamar farko ita ce fitilu su riƙa lumshewa tare da bugun ganga, ta ƙarshe kuma ita ce turin mota a tsakar rana. Wanda ya dage sai ya saka, to lallai a sa fis a kan babbar wayar, kusa da batir, cikin tazarar da ba ta kai rabin mita ba. Wayar da ba ta da fis, ranar da ta goge ta taɓa ƙarfe, gobara ce.

Wajen haɗa wayoyi ma a kula. A yawancin rediyoyin kasuwa, rawaya ita ce mai wuta kullum wadda ke riƙe wa rediyo tunaninsa, ja tana samun wuta ne idan an murɗa makulli, baƙa kuma ta jikin mota ce. A wasu motocin Jamus irin su Golf da Opel, waɗanda suka yi yawa a Kano da Maraɗi, wuraren rawaya da ja a juye suke a soket. Idan rewaya bai lura ba, ko rediyo ya riƙa manta tashoshinsa duk safiya, ko ya kwana yana tsotsar batir. Kuma kada ka yarda a yanke wayoyin motar na asali a murɗe su da hannu a naɗe da salatif, domin gam ɗin salatif narkewa yake a zafi. Akwai soket na haɗi da ake sayarwa daidai kowace mota.

Mun ce za mu koma ga gardamar 1930. Waɗancan mutanen na Massachusetts sun yi kuskure game da rediyo, domin kunne kawai yake ɗauka. Allo kuwa ido yake ɗauka, kuma a gudun kilomita 100 a sa'a, kallon daƙiƙa 2 na nufin ka shafe fiye da mita 55 ba ka ga hanya ba. A Saudiyya riƙe waya yayin tuƙi na jawo tarar riyal 500 zuwa 900, kuma tun 2018 kyamarori ke kama masu yi. Dokar ɗa'a ta 2019 ita ma ta tanadi tara ga mai ƙure kiɗa a cikin unguwa ko kunna shi a lokacin salla. Rediyo mai maɓallin murɗawa, wanda hannu zai lalubo ba sai ido ya bar titi ba, da ɗan makirufo na amsa kira, ya fi maka allon da rana ma ba ta bari a ga abin da ke kansa. Kunnenka ma ka tausaya masa: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sautin desibel 80 ana iya jure shi sa'o'i 40 a mako, amma duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi.

Saura kwalin kaset. Na karatu da na waƙa, yawancinsu za ka same su a intanet ko wurin masu tura wa mutane a mimori. Amma na Hajiya guda ɗaya ne a duniya. Don Allah Malam, kada ka sake zura shi a wannan rediyo, ko sau ɗaya, kuma ka fitar da shi daga motar yau ɗin nan ka ajiye shi a ɗaki, nesa da rana, nesa da lasifika, domin maganaɗisun lasifika na iya shafe abin da ke kan zare. Ka ɓalle 'yan haƙoran nan biyu da ke saman kaset ɗin, ta yadda ko an danna jan maɓalli bisa kuskure ba zai ɗauki wani abu a kai ba. Sannan ka nemi rikoda mai lafiya, ka fara gwada ta da wani kaset da ba ka damu da shi ba, a jona ta da kwamfuta ta ramin abin sa wa a kunne, a kwafe muryar. Ka ajiye kwafi a filas, wani a waya, ka kuma tura wa 'yan'uwa a Katsina nasu. Filas ɗin ne zai riƙa shiga mota, kaset ɗin ya zauna a gida.

To jama'a, a nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.